Sunan da Ke Bangon Littafina

Matadi, 7 ga Nuwamba, 1971

Zuwa ga Prosper Lukombo, ofishin littattafan makaranta, Kinshasa.

Abokina Prosper,

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta Mama Céline da yara, ina baƙin cikin sanar da kai, da ofishinka, da duk wanda abin ya shafa, cewa an sami ɗan tawaye a gidana. Gwamna, akun nan nawa mai jan wutsiya, ya ƙi bin dokar ƙasa. Yau kwana goma sha ɗaya da rediyo ta ce mun kwanta a Kongo mun tashi a Zayar, amma kullum da safe sai ya gyara tsayuwa a kan sandarsa ya ce, "Ran Kongo ya daɗe!" Na yi masa nasiha, na hana shi gyaɗa, har jarida na karanta masa. Sai ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, irin kallon da Fada yake yi mana a mishan in mun ɓata Latin. Matata Honorine ta ce in ya kore mata masu kawo ɗinki daga baranda, da manja za ta soya shi.

Ban ga laifinsa sosai ba. Ƙasa Zayar, kogi Zayar, kuɗin aljihu Zayar. Yanzu mutum zai iya faɗawa cikin Zayar, a tsakiyar Zayar, ya nutse ba shi da ko Zayar ɗaya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata bakwai ke nan da na damƙa maka littafina hannu da hannu a tashar jirgin ƙasa, ka ce in bar maka sauran. Shekara goma sha biyu ina rubuta shi bayan an tashi daga makaranta, kuma ka san kwafi ɗaya ne tak. Ba wani abin a zo a gani ba ne, littafin 'yan aji shida ne. So nake yaro ya san ƙasarsa ta ninka Beljiyam kusan sau tamanin, tana da maƙwabta tara, amma ƙofarta ta teku ba ta wuce kilomita arba'in ba, kamar tulu mai siririn wuya. Ya san koginmu ya tsallake layin da ya raba duniya biyu, ya sake dawowa ya tsallake, kamar mai mantuwar da ya koma ɗauko hularsa. Ya kuma san sunayen da aka yi ta liƙa mana. Lokacin da muke gonar sarkin Beljiyam shi kaɗai, 'Yantacciyar Ƙasar Kongo aka kira mu, ka ji ba'a. Daga nan Kongon Beljiyam, sai Jamhuriyar Kongo, sai aka ƙara mata Dimokuraɗiyya don ta yi nauyi. Ga na biyar ya iso.

Na san sai an goge Kongo a sa Zayar. Na ƙirga a zuci, wurin zai kai ɗari huɗu. Ku goge, Allah ya ba mai gogewa lada. Abu ɗaya nake roƙo: kada a taɓa mini shafi na uku.

Ka tuna shi. Shekara kusan ɗari biyar da suka wuce jirgin Turawan Fotugal ya iso bakin kogin nan. Baturen ya nuna ruwa ya tambayi wani kakanmu, "Mene ne sunan wannan?" Kakanmu ya dubi ruwa, ya dubi baƙo, ya ce, "Nzadi." Wato kogi. Me kuma zai ce? In baƙo ya nuna maka akuya ya ce mece ce wannan, ai akuya za ka ce. Kunnen Bature bai kama ba, ya rubuta Zayar a taswirarsa. Yau ga shi an ce mu koma ga asalinmu, aka tuɓe mana Kongo, sunan masarautar kakanninmu, aka yafa mana wanda kurman Bature ya raɗa.

Ka san halina, ba na sa jimla a takarda sai na faɗe ta da ƙarfi a baranda sau goma na ji zaƙinta. Wannan ta yi mini zaƙi ƙwarai, amma ba mahalukin da na faɗa wa ita sai kai.

Honorine ta aiko wa Mama Céline kwanga shida, tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye, da busasshen kifi ta hannun mai duba tikiti. In biyar suka iso, ka san inda ɗaya ta sauka.

Ka huta lafiya. Naka tun bencin baya,
Anatole Décembre

Kinshasa, 24 ga Janairu, 1972

Ɗan Ƙasa,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, kwanga ma ta iso, huɗu. Mun gode.

Za ka ga da tafiretar ofis na buga wannan, saboda haka zan taƙaita.

Na ɗaya. Daga wannan wata an daina amfani da sunayen baftisma. Ni yanzu Lukombo Kiese nake, kada ka ƙara rubuta tsohon a bayan ambulan. Haka kuma ba a cewa Malam ko Madam, Ɗan Ƙasa ake cewa da 'Yar Ƙasa. Kwat da igiyar wuya ma an ajiye su. Na san taka ja ɗin nan da kake ji da ita, ka ba Honorine ta yi maɗaurin labule.

Na biyu. Naka al'amarin ya fi na kowa wuya. Mu muna da sunan gida, ƙari kawai muka yi. Kai kuwa sunayenka biyun duk na Fada ne, dole su tafi tare. Ka zaɓi suna ka kai ofishin gunduma kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ba a buga littafin mutumin da ba shi da suna, ba a kuma bar masa aji.

Na uku. Littafin yana gaban kwamiti. Sun yaba da tulu mai siririn wuya. Game da shafin da ka ambata, ba ni da abin cewa.

Na huɗu. Wasiƙa takan ya da zango a hanya, a zango kuwa akan buɗe kaya a sha iska. Ka rage gishiri a miyarka. Tsuntsun nan kuma ka mai da shi can cikin gida.

Ka gai da 'Yar Ƙasa matarka.

Lukombo Kiese

Matadi, 12 ga Maris, 1972

Prosper,

Ina gaishe ka da sunan da na san ka da shi tun muna satar gwandar Fada. A bayan ambulan na rubuta ɗayan, don kada a ce na hana ka cin abinci.

Ina taya ka murna. Mai duba tikiti ya ce an ƙara maka girma, yanzu har da labule a tagar ofishinka. Ni ma an canza mini matsayi: tun ranar Litinin ni ne mai zare wa Honorine zaren ɗinki.

Ga yadda aka yi. Duk malamanmu sun kai sunayensu. Malamin lissafi, wanda ka san yakan yi gyangyaɗi da alli a hannu, ya zama Damisar da Ba Ta Runtsawa. Ni ban kai ba. Sunana ba kyakkyawa ba ne, na sani. An kawo ni mishan maraya ban cika shekara biyu ba, Fada ya ɗaga kai ya dubi kalanda, ya ga Disamba, shi ke nan. Amma shekara arba'in da biyar ina amsa shi. Ba zan shiga kasuwa in gwada suna kamar hula ba. Kuma ka rubuta ka ajiye: duk wanda ya liƙa mini sunan da ba nawa ba, a gaban kowa zan tsaya in ƙaryata shi.

Hedimasta ya kira ni ofis, ya buɗe rajista.

"Ɗan Ƙasa wa zan rubuta?"

Na ce, "Décembre."

"Disamba wata ne, ba mutum ba."

"To rubuta Janairu, ya fi sabunta."

Bai yi dariya ba. Ka san shi, dariyarsa sai an aiko da izini daga sama. Ya rufe rajista, ya tashi ya tura ƙofa, ya ce, "Tsohon malamina ne kai, shi ya sa zan gaya maka. Maganar suna da sauƙi, da na ƙara maka wata guda. Amma an ce kai ne mai cewa kurman Bature ya raɗa wa ƙasa suna."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Ka ba ni makullin kabad ɗin taswira."

Na ba shi. Shekara ashirin da uku yana aljihuna, har ya huda aljihu uku.

Prosper, kurman Bature. Ba kurman baƙo ba, ba Bature mai nauyin kunne ba. Kalma biyun nan cif, yadda na jera su. A aji ban taɓa faɗa ba, ba a littafin suke ba, ko Honorine ba ta sauraren abin da nake faɗa in kekenta yana gudu. Ban ce kai ne ba. Lissafi kawai nake yi, ko da yake ba ni ne Damisa ba: baki ɗaya, takarda ɗaya, mai karɓa ɗaya. Sai ga labule a taga.

Na tuna shekarar da aka kama mu da gwanda, aka yi mini bulala goma sha biyu ban faɗi sunanka ba. Ban tuna maka don ka biya ba. Na tuna ne don yanzu ina da lokacin tunani.

Ka dawo mini da littafina yadda na ba ka shi, da igiyar da na ɗaure shi. Gara ya ruɓe a ƙarƙashin gadona.

Ka gai da Mama Céline, ita ba ruwanta.

Anatole Décembre

Kinshasa, 2 ga Mayu, 1972

Ɗan Ƙasa,

Gaisuwa. Na karanta lissafinka. Tun a mishan ba ka iya lissafi ba.

Littafin ba zai dawo yanzu ba. Ka yi haƙuri har Kirsimeti, zan zo da kaina mu zauna.

Tunda kana da lokaci, ka hau mota ka je Kimbata ka ga yayarka Véronique. Ta tsufa. Ka zauna da ita a tabarma, kada ka yi sauri. Wannan ba gaisuwar ƙarshen takarda ba ce, shawara ce. Ka je.

Lukombo Kiese

Matadi, 15 ga Oktoba, 1972

Zuwa ga Ɗan Ƙasa Lukombo Kiese, mai labule.

Gaisuwa gwargwadon abin da doka ta tanada.

Ban je Kimbata ba. Mutumin da aka kora daga aiki ba ya zuwa ƙauye nuna rigarsa. Na fahimci dai so kake in yi nisa da gari, jiya kuwa na ga dalili.

Na gangara kasuwa sayo wa Honorine maɓallai. Wurin mai sayar da littattafai na bakin tasha na hango wani sabo, koren bango, da hoton kogi. Ƙasarmu da Koginta. Sunan littafina ke nan. Na ɗauka, na buɗe tsakiya. Ga tuluna mai siririn wuya. Ga mai mantuwa da hularsa. Har waƙafin da na yi mako guda ina shawarar inda zan ajiye shi yana nan inda na ajiye shi. Ban san lokacin da na zauna a kan buhun gawayin maƙwabcinsa ba. Sai na rufe, na dubi bango don in ga sunana.

Diasonama Nlandu.

Mai littattafai ya ce, "Tsoho, saye za ka yi ko haddacewa?"

Na ce, "Wane ne wannan Diasonama?"

"Wani babban masani ne a Kinshasa. An ce a Turai ya yi karatu, harshe bakwai yake ji."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Ni? Ai irinsu ba sa taka ƙasa. Ka dai ji yadda yake zuba magana. Mu nan Matadi wa zai iya wannan?"

Na ce, "Ni na rubuta shi."

Ya dube ni tun daga takalmin da Honorine ta ɗinke har zuwa furfura, ya ce, "Ni ma ni na haƙa kogin. Kawo makuta talatin ko ka ajiye."

Na biya. Na sayi littafina da kuɗin maɓallai.

A gida na buɗe shafi na uku. Jirgin Fotugal ya nutse, kakanmu ya ɓace, ba Nzadi ba dalilinta. A wurinsu an sa hoton tuta da jimla ɗaya: Zayar tsohon suna ne na koginmu. Ba ƙarya ba ce, wannan ne ya fi ci mini rai. Aikin gwani ne, na kuma san hannun, don ni na koya masa yadda ake taƙaita labari.

Yanzu lissafin ya fita, ko da ban iya ba. Ka ba su wasiƙata aka kore ni, don kada in sami bakin magana. Ka ɗauki shekara goma sha biyu na rayuwata ka kai wa wani mai ƙaton ciki a jam'iyya yana neman abin da zai sa wa suna, shi kuma ya rataya maka labule. Da ka sa naka sunan ma da na ce yunwa ce. Amma ka sayar da ni ga wanda bai taɓa shaƙar ƙurar alli ba.

Ba na yin abu a ɓoye, shi ya sa nake gaya maka. Yau da safe na aika wa shugaban ofishinku takardar ƙara, shafi tara, da kwafi biyu. Na ce Diasonama Nlandu ɓarawo ne, jahili, wanda ko sunan ƙauyen uwarsa ba lalle ya sani ba. Na ce kai ka miƙa masa. Na nemi a kira shi ya tsaya gabana, a tambaye shi ƙasa nawa muka yi iyaka da su.

Honorine ta ce in bari in huce tukuna. Na ce shekara arba'in ina hucewa.

Kada ka zo da Kirsimeti.

Anatole Décembre, marubucin Ƙasarmu da Koginta

Kinshasa, 6 ga Nuwamba, 1972

Anatole,

Da hannu na rubuta wannan, an karɓe tafiretar. Labulen ma.

Takardarka ta iso. An yaba da Faransancinka, shugaba ya karanta wa mutane shafi na huɗu sau biyu. An dakatar da ni. Ranar 4 ga Disamba kwamiti zai zauna, an ce in kawo Diasonama Nlandu da ƙafarsa. In ban kawo shi ba, maganar ta bar ofis ta koma hannun waɗanda ba sa karanta shafi tara.

Ba zan kare kaina a takarda ba. Wasiƙarka ta fari tana cikin Littafi Mai Tsarkin Céline tun ranar da ta iso, ba wanda ya gan ta. Shafi na uku ni na cire, da hannuna, kuma ko yau aka sake ba ni zan cire.

Abu ɗaya na roƙe ka a shekara arba'in, ka je ka ga yayarka.

Bulala goma sha biyun nan, na gode. Ina jin yanzu mun yi daidai.

Prosper

Kimbata, 19 ga Nuwamba, 1972

Zuwa ga ƙanena, ɗan uwata.

Ni ce yayarka Véronique nake magana, malamin cocinmu yake rubutawa. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya yi mini kwalliya. Direban motar rogo zai kawo maka hannu da hannu, ba ta gidan waya ba.

Ina gaishe ka, ina gai da Honorine mai haƙuri. Mu nan lafiya, sai gwiwa. Ruwa ya sauka, mun shuka gyaɗa.

Matar abokinka ta aiko mini da saƙo tana kuka. An ce ka kai ƙarar wani ɓarawo wai shi Diasonama Nlandu, ka ce ko ƙauyen uwarsa bai sani ba. To wannan kam ka faɗi gaskiya. Sau biyu ya taɓa zuwa. Ya zo da kwat, ya shimfiɗa hankici a kan kujera kafin ya zauna, ya gyara wa malamin coci Faransanci, ya koma da motar yamma.

Kai ne, sakarai.

Buɗe kunnenka. Ni ba Véronique uwarmu ta kira ni ba, Nzuzi ce ni, ta biyun tagwaye. Nsimba, abokiyar haihuwata, ciwon barci ya ɗauke ta tare da uwarmu a damina ɗaya. Kai ka biyo bayanmu. Kai da aka ce ka karanta littafi dubu, wane yaro ne a ƙasar nan bai san mai bin tagwaye Nlandu ake ce masa ba? Ɗayan kuwa uwarmu ce ta sa maka. Ranar da aka haife ka magatakardan Bature ya zo da babban littafi, ya rubuta sunan ubanmu cikin masu tafiya aikin hanyar jirgi. Aka roƙe shi, aka ce matar mutumin tana kan gwiwa. Ya ce an riga an rubuta. Ubanmu ya tafi bai dawo ba. Da aka miƙa mata kai sai ta ce, Diasonama. An rubuta. Ni na goya ka da wannan sunan har ranar da kawu ya kai ka mishan saboda yunwa. Ya faɗa wa Fada sunan, Fada ya ce ya yi tsawo.

Za ka ce me ya hana in gaya maka. Yaushe? Ka shigo kana ce mini Madam Véronique. Na ce a raina mai wannan takalmi ba ya neman sunan ƙauye. Na jira ka tambaya.

Abokinka ne ya tambaya. Bayan bikin Ista ya zo, mota ta kafe a laka, ya tako tun daga gada da takalmi a hannu. Ya zauna a tabarma, ya ci ganyen rogo da hannu, ya ce, "Yaya, an kori ƙanenki, kuma ba za a buga littafinsa da sunan Fada ba. Taurin kansa ba zai bar shi ya zaɓi wani ba. Ba shi da wanda uwarsa ta ba shi?" Da na faɗa masa sai ya sa hannu ya rufe fuska. Ya ce, "An rubuta? Mutumin da bai iya komai ba sai rubutu?" Muka yi ta dariya har da hawaye.

Shi ya kai sunan ofis, ya sa hannu a madadinka, ya kwaikwayi rubutunka. Ya ce wannan laifin ɗauri ne in aka gane, kuma kai ka rantse za ka ƙaryata duk sunan da aka sa maka, shi ya sa yake so ka fara ji daga bakina. Ya ce wanda aka kora Disamba ne, Diasonama ba shi da laifi a littafin kowa, zai iya komawa aji.

Ya ba ni labarin shafin nan naka da ya cire, na Baturen da ya ji Nzadi ya rubuta wani abu. Ya ce in an bar shi, kai da littafin duk kogi za ku tafi. Ni ban san wannan ba, tsakaninku ne. Abin da na gani shi ne, kurman Baturen da kake wa dariya, ko ba komai shi ya tambaya.

Ka tashi ka je ka fitar da ɗan mutane. In ka gama ka zo nan, ka bar hankicin a gida.

Yayarka,
Nzuzi

Matadi, 1 ga Disamba, 1972

Prosper,

Gaisuwa, in za ka karɓa. Mai duba tikiti zai kawo maka wannan yau, ni kuma ina cikin jirgin jibi.

Ranar huɗu ga wata zan tsaya gaban kwamiti in shaida musu cewa mai ƙara da ɓarawo wando ɗaya suka sa. Zan ce hannun da ke kan takardar suna nawa ne, na sa shi na manta, tsufa ne. Za su yi dariya, shugabanku zai sake karanta shafi na huɗu. Na cancanta. In sun tambaye ni maƙwabta, tara ne.

An kama wanda ya kai ni gaban hedimasta. Shekaranjiya matar hedimastan ta zo gwajin riga a baranda, sai Gwamna ya gyara tsayuwa ya ce, "Zayar! Kurman Bature!" da muryata, har da tarin da nake yi. Matar ta ce, "Har yanzu bai daina ba? Tun bara yake yi." Honorine ta cire allura daga bakinta ta ce mini, "Ai an ce ka mai da shi can cikin gida." Ban soya shi ba. Mu biyu laifinmu ɗaya, faɗa ba ji.

Kwana uku ina faɗin sunan a baranda. Bai zauna mini a baki ba tukuna, amma jiya Honorine ta kira shi daga kicin na waiwaya.

Shafi na uku ban yafe ba. Za mu yi wannan faɗan a tabarmar Yaya, ita ta raba mu. Sauran kuwa, tun daga lissafi har shafi tara, ni na yi kuskure.

Naka tun bencin baya,
Diasonama Nlandu